Ƙugiyar Da Ke Ɓacewa A Hanya: Haruffa Masu Alama A Sunayen Fayil

Fayil mai suna "ƙasa.pdf" yana iya barin kwamfutar da aka rubuta shi lafiya lau, ya isa wata kwamfutar da suna "Æ™asa.pdf". Idan a cikin ZIP aka dunƙule shi, wani lokaci "╞Öasa.pdf" ne zai fito. A rediyon mota kuwa, ko ƙaramar na'urar sauraron karatu da ake sa wa memori, sai dai a ga alamar tambaya ko ɗan akwati a gurbin harafin. Abin da ke cikin fayil ɗin bai taɓu ba, ko ɗigo bai ragu ba. Sunan ne ya lalace. Amma da suna kwamfuta ke nemo fayil, don haka in ta kasa gane sunan, fayil ɗin ya ɓace ke nan ko da yana kwance a kan faifai.

Jama'a sun daɗe da samo wa kansu dabara: a jefar da ƙugiyar, a rubuta "kasa", a huta. Bafaranshe ma yakan cire alamar da ke kan é, Bajamushe ya mai da ü ta koma ue. Ni ban ɗauki wannan mafita ba. Tilasta wa mutum ya gurgunta rubutun harshensa don na'ura ta ji daɗi gazawar maginin na'urar ce, kuma gazawa ce da aka san maganinta. Abin ya ƙara zama wajibi a tattauna yanzu da gina tsarin fayil, wato manhajar da ke tsara ajiye fayiloli da sunayensu a kan faifai, ya daina zama aikin manyan kamfanoni kaɗai. Tun da FUSE, hanyar sauƙaƙa gina tsarin fayil da Miklos Szeredi ya ƙera, ya shiga cikin Linux a 2005, duk mai rubuta manhaja yana iya ƙirƙiro nasa tsarin: wanda zai nuna ma'ajiyar intanet a matsayin folda, wanda zai kulle fayiloli da sirri, wanda zai buɗe tsohon faifai na wata na'ura. Akwai irinsa macFUSE a Mac, akwai WinFsp da Dokan a Windows. Kowane ɗayan waɗannan magina sai ya amsa tambayar da manya suka yi shekara da shekaru suna tuntuɓe a kanta: mene ne sunan fayil, kuma yaushe ne sunaye biyu suke zama suna ɗaya?

Faifai bai san harafi ba, bayit ya sani, wato lamba daga 0 zuwa 255. Dole a sami yarjejeniyar da za ta ce lamba kaza tana wakiltar harafi kaza. ASCII, wadda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, ta raba gurabe 128 ga haruffan Ingilishi da lambobi da alamomin rubutu. Sauran gurabe 128 da suka rage a bayit, kowa ya cika su yadda ya ga dama. Harafin é lamba 130 ne a jadawalin 437 na kwamfutar IBM ta 1981, lamba 142 ne a tsohuwar Macintosh, lamba 233 ne a ISO 8859-1 da jadawalin 1252 na Windows. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai tanadar wa ɓ da ɗ da ƙ gurbi ba. An yi wani ma'auni na haruffan Afirka a 1983, ISO 6438, domin ɗakunan karatu, amma bai shiga kwamfutocin da ke hannun jama'a ba. Shi ya sa masu buga Hausa suka koma ga nau'o'in rubutu na musamman da ke zana ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v. Dabarar ta yi aiki a cikin takarda, muddin mai karatu yana da nau'in rubutun. Sunan fayil kuwa ba ya tafiya da nau'in rubutu, don haka har yau za ka tarar da "xalibai.doc" da "qamus.doc" a tsofaffin kwamfutocin makarantu.

Unicode, wanda ya fito a 1991, ya zo da nufin ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin. Ƙaramar ƙ lamba 409 ce, masana suna rubuta ta U+0199. Sai dai 409 ta fi ƙarfin bayit ɗaya, saboda haka akwai mataki na biyu, na yadda za a zuba lambar cikin bayit. UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana zuba ƙ cikin bayit biyu, C6 da 99 a lissafin tushe goma sha shida, ya bar haruffan ASCII da bayit ɗaiɗai kamar yadda suke. UTF-16 kuma yana aiki da ma'auni mai bit 16, wato bayit biyu, kuma wasu haruffan suna cin ma'auni biyu. Asirin wancan lalataccen suna ya fito fili ke nan: manhaja ta karɓi C6 da 99, ta duba jadawalin 1252, ta ga Æ da ™. Wata ta duba jadawalin 437, ta ga ╞ da Ö. Bayit ɗin ba sa ɗauke da wata shaidar da ke faɗin yarjejeniyar da aka rubuta su da ita. Tsarin ZIP sai a 2006 ya sami wata 'yar tuta da ke cewa sunan UTF-8 ne, kuma har yanzu akwai manhajojin da ba sa ɗaga ta ko ba sa duba ta.

Manyan gidaje uku sun amsa tambayar ta hanyoyi uku, kuma duk wanda zai gina sabon tsari a tsakaninsu zai zauna.

Unix, da Linux da ya gaje shi, ya wanke hannunsa. Suna jerin bayit ne kawai, ban da bayit biyu da aka haramta: sifili, da 2F wanda shi ne alamar / mai raba folda da folda. Tsarin fayil na Linux mai suna ext4 ba ruwansa da ko abin da aka ba shi UTF-8 ne ko shara ce, zai ajiye, zai dawo da shi daidai. Wannan matsayi yana da kyau domin ba ya ɓata komai, yana da muni domin ba ya kare kowa. Folda ɗaya tana iya ƙunsar suna da aka rubuta da ISO 8859-1 a 1998 kusa da wanda aka rubuta da UTF-8 jiya, kuma babu wata yarjejeniya guda da za ta karanta su duka daidai.

Windows ya zaɓi ma'auni mai bit 16 tun daga tsarin fayil ɗinsa NTFS a 1993, lokacin da ake zaton haruffa 65,536 za su ishi duniya. Ba su isa ba, aka kawo dabarar haɗa ma'auni biyu a 1996, amma NTFS ba ya bincika ko biyun sun zo tare. Ana iya samun suna mai rabin harafi a Windows, halastacce a can, wanda ba shi da wata ingantacciyar siga a UTF-8. Ga kuma tsohon tsarin FAT, wanda har yau yake kan filashi da memori ba iyaka. Asalinsa suna mai harafi takwas da wutsiya mai uku ne, da jadawalin ƙasar da aka sayar da kwamfutar. Dogayen sunaye sai da Windows NT 3.5 da Windows 95 suka zo, aka cusa su cikin ƙarin gurabe masu ɗaukar harafi 13 kowanne. Fayil a FAT yakan zama da suna biyu ke nan, dogo mai ƙ da gajere wanda aka sa wa layin ƙasa a gurbinta, kuma na'ura mai araha tana iya karanta gajeren kaɗai. A FAT ɗin ma akwai tabon wannan rigima tun da daɗewa: bayit E5 a farkon suna yana nufin an goge fayil, alhali wasu haruffan Japan da E5 suke farawa, dole aka ce a riƙa ajiye 05 a madadinsa.

Hanyar Apple ce ta fi koyar da darasi, kuma tana buƙatar a fahimci wani abu game da Unicode da mutane da yawa ba su sani ba. Harafi mai alama yana iya samun siga biyu. Ana iya rubuta é a dunƙule, lamba ɗaya, U+00E9. Ana iya rubuta shi a warware, e tukuna sannan alamar da ke hawa kanta, U+0301. A ido babu bambanci ko kaɗan. A faifai na farko bayit biyu ne, na biyu bayit uku. Unicode ya ce su biyun abu ɗaya ne, ya kuma tanadi ƙa'idar mai da rubutu siga guda: NFC tana dunƙulewa, NFD tana warwarewa. Yawancin madannai da shafukan intanet dunƙulalliyar siga suke fitarwa. Tsarin fayil na Apple mai suna HFS+, wanda ya zo a 1998, ya yanke shawarar warware duk sunan da aka ba shi kafin ya ajiye. Niyyar mai kyau ce, kada a sami fayil biyu masu suna iri ɗaya a ido. Amma ya zama kamar mai ajiyar kaya a tasha da zai karɓi buhunka ya goge sunan da ka rubuta ya sake rubutawa da hannunsa: ka dawo da rasit, rubutun bai dace da na jikin buhun ba.

Haka kuwa aka yi ta fama. Manhaja ta ƙirƙiri "café.txt", ta rubuta sunan a kundinta, ta nemi jerin abin da ke folda, ta ga wani suna da bayit ɗinsa suka bambanta, ta ɗauka nata ya ɓace kuma wani baƙo ya shigo. Masu amfani da Subversion, manhajar adana tarihin canje-canjen fayiloli, sun sha wannan shekaru. Git, mai irin wannan aikin, sai da ya ƙara wani saiti na musamman a 2012 mai sake dunƙule sunaye a Mac. Manhajar kwafar fayiloli rsync tana da zaɓin sauya sunaye zuwa abin da ake kira UTF-8-MAC, sunan da shi kansa yake nuna cewa sigar Apple ba NFD ce tsantsa ba, an ɗaure ta ne da tsohon jadawalin Unicode 3.2 tare da wasu keɓe-keɓe. Idan aka kwafi folda daga Mac zuwa sabar Linux, aka sake kwafar irinta daga Windows, sai a wayi gari da fayil biyu-biyu, kowanne da tagwayensa. Da Apple ya kawo APFS a 2017, ya bar wannan hanya. Sabon tsarin yana ajiye suna yadda aka ba shi, amma wajen nema yana lissafo wata lambar shaida daga daidaitacciyar sigar sunan, ta yadda ko da wace siga ka tambaya za ka sami fayil ɗin. ZFS, wanda kamfanin Sun ya ƙera, ya riga shi bin wannan tafarki. A ganina wannan ita ce amsar da ta dace, kuma duk mai gina sabon tsari daga nan ya kamata ya fara: a adana abin da mutum ya rubuta bayit da bayit, a sa hikimar a wurin kwatantawa.

Haruffanmu masu ƙugiya sun tsira daga wannan rigimar ta siga biyu, domin Unicode bai ɗauki ƙugiya a matsayin alama mai hawa ba. Ɓ da ɗ da ƙ da ƴ haruffa ne masu zaman kansu, ba sa warwaruwa. Wannan daidai ne, tunda baƙi da baki ba kalma ɗaya ba ce, kuma tsarin fayil da zai haɗe su ya yi ɓarna. Amma mai aikin ƙamus ko nazarin harshe bai tsira ba. Wanda ya naɗi muryoyi dubu ya sa wa kowace sunan kalmar da alamun karin sauti da tsawon wasali, à da â da ā, ya shiga tsakiyar matsalar. Abin ma ba shi da tsari guda: e da o masu alamar tsawo da ta karin sautin ƙasa tare suna da dunƙulalliyar siga, amma a mai irin waɗannan alamomi biyu ba ta da ita, haka r̃ da ake bambanta ra-gare da ita. Ko an bi NFC, alamomi masu hawa za su rage. Maginin da ya ɗauka cewa lamba ɗaya harafi ɗaya ce zai yanke suna a tsakanin wasali da alamarsa. Yarabanci ya fi shiga wannan hali, da ɗigo a ƙasa da alamar sauti a sama a kan harafi ɗaya, waɗanda ana iya buga su ta kowane jeri. Ajami ma haka: kowane wasali lamba ce daban, alif mai hamza yana da siga biyu, kuma mai bugawa yana iya sa shadda kafin fataha ko bayanta.

Akwai kuma wata matsalar da babu ƙa'idar Unicode da ke warware ta. Kalmar 'ya'ya ana rubuta ta da miƙaƙƙiyar alama ta madannai, U+0027, ko lanƙwasasshiya da Word ke sauyawa da kanta, U+2019, ko alamar da aka ware a matsayin harafi, U+02BC, a Nijar kuma ƴaƴa. Siga huɗu ke nan, kuma a wurin Unicode huɗun daban suke. A nan ra'ayina shi ne tsarin fayil ya cire hannunsa. Aikin akwatin bincike ne ya gane cewa mai neman ɗaya yana nufin sauran, kamar yadda ya kamata ya kawo "ɗalibai" ga wanda ya buga "dalibai". Bincike yana iya sassauci domin jerin zaɓi yake kawowa mutum ya duba. Tsarin fayil fayil ɗaya yake buɗewa, ko ya rubuta a kansa, ko ya goge shi.

Batun babban baƙi da ƙarami ya fi yadda ake zato wuya. A ASCII tazarar da ke tsakanin a da A 32 ce, haka har zuwa z, shi ya sa tsofaffin manhajoji ke yin lissafi kawai. Tsakanin ƙ da Ƙ tazarar 1 ce, tsakanin ɗ da Ɗ 205, tsakanin ɓ da Ɓ 210, domin ƙananan ɓ da ɗ suna zaune ne a rukunin haruffan nazarin furuci, manyansu kuma a wani rukunin. Tsarin da ya yi alkawarin ba ya bambanta babba da ƙarami, amma ya tsaya a lissafin ASCII, zai ɗauki "Daki" da "daki" abu ɗaya, ya ɗauki "Ɗaki" da "ɗaki" abu biyu. A Turkiyya kuma babbar i tana da ɗigo, İ, ƙaramar I ba ta da shi, ı. Idan tsarin fayil ya dogara da harshen da aka saita kwamfuta da shi, faifai ɗaya zai ba da amsa biyu a Istanbul da Landan. Microsoft ya gane wannan da wuri: NTFS da exFAT suna ajiye jadawalin manyan haruffa a kan faifan kansa lokacin da aka tsara shi, don ƙa'idar ta bi faifan duk inda ya je. Linux sai a 2019 ya ba ext4 damar yin watsi da wannan bambanci, folda-folda, kuma sai folda tana fanko ake kunna shi.

Tsawon suna ma tarko ne. Kowa yana cewa iyaka 255 ce, amma 255 na me? A ext4 bayit ne, a NTFS ma'aunin UTF-16 ne. Suna na ajami mai haruffa da wasula 200 zai zauna daram a Windows, a Linux kuma bayit 400 ne, ba zai shiga ba. Basine haruffa 85 kawai yake da su a ext4, tunda kowanne bayit uku yake ci. Tsarin da ke kulle sunaye da sirri yana ƙara rage wurin. A eCryptfs iyakar takan sauko zuwa bayit 143. Wanda ya ga suna ya yi tsawo ya datse shi a bayit na 255 yana iya raba C6 da 99, ya bar rabin harafi a wutsiya, ya haifar da sunan da wata manhajar za ta ƙi taɓawa. Gara a fito fili a ce sunan ya yi tsawo.

To me ya rage wa magini? Akwai alkawari ɗaya da bai kamata ya karya ba ko ana ha-maza-ha-mata: duk sunan da tsarinsa ya nuna a jerin folda, in aka dawo masa da shi, dole ya buɗe wannan fayil ɗin, shi kaɗai. Da sauƙin faɗa. Ɗauki mai gina gada tsakanin tsohuwar sabar Linux da kwamfutocin Windows. Ya tarar da suna mai bayit E9 tsirara, wanda ba UTF-8 ba ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya sa alamar tambaya ko alamar maye gurbi ta Unicode, U+FFFD. Da ya yi haka, fayil ɗin zai bayyana a jeri amma ba zai buɗu ba, kuma sunaye biyu da suka bambanta a wannan gurbi kaɗai za su zama ɗaya. Sauyin da za a yi dole ya zama mai komawa baya. Harshen rubuta manhaja Python ya kawo irin wannan dabara a 2009, bisa shawarar Martin von Löwis: duk bayit ɗin da ya ƙi karantuwa ana ɓoye shi cikin wata lamba daga U+DC80 zuwa U+DCFF, in za a mayar wa faifai sai ya koma yadda yake. Harshen rubuta manhaja Rust ya ware wa sunayen fayil nau'insu daban da na rubutu, don kada mai shiri ya manta cewa ba kowane suna ne ke karantuwa ba. Haka ake yi da alamomin da Windows ya haramta, irin su : da ? da *, waɗanda halas ne a Linux. Manhajar Cygwin tana kai su wani keɓaɓɓen yanki na Unicode, ta rclone tana musanya su da faffaɗan takwarorinsu na rubutun Gabashin Asiya, duka ta hanyar da za a iya juyawa.

Bambancin da ke tsakanin ɓarna mai gyaruwa da marar gyaruwa ke nan. Sunan da aka karanta da jadawalin da ba nasa ba yana nan da bayanansa, manhaja irin convmv tana iya dawo da shi, ko da an maimaita kuskuren sau biyu sunan ya kumbura. Wanda aka cusa wa alamar tambaya kuwa ya tafi, sai dai a yi hasashe.

Wanda ke aiki da FUSE yana da ƙarin abin lura. Zuciyar Linux, wato ginshiƙin manhajar da ke tsakanin sauran manhajoji da faifai, tana riƙe sunayen da aka nema kwanan nan don sauri, har da waɗanda aka nema ba a samu ba, kuma bayit take kwatantawa. Idan tsarinka ya ɗauki siga biyu a matsayin suna ɗaya, zuciyar ba ta sani ba. Ana iya neman fayil da warwararriyar siga a ce babu, a ƙirƙire shi da dunƙulalliya, a sake nema da ta farko, amsar "babu" ta fito daga abin da aka riƙe. A Mac kuma manhajoji da yawa suna warware suna kafin su miƙa shi, alhali wanda ya buga da hannu a tagar umarni dunƙulalliya yake aikawa, don haka tsari ɗaya yana karɓar siga biyu daga kwamfuta ɗaya. Idan bayan tsarin ma'ajiya ce irin S3 ta Amazon, wadda ke kwatanta sunaye bayit da bayit, dole magini ya riƙe nasa kundin da ke haɗa daidaitacciyar siga da ainihin sunan. Idan kuma yana kulle sunaye da sirri, kafin kullewa zai daidaita, domin bayan kullewa babu mai iya ganin cewa é biyun ɗaya ne. Ya kuma tanadi abin da zai yi in ya tarar ma'ajiyar ta riga ta ƙunshi tagwayen: ya nuna su duka, ya fifita wanda bayit ɗinsa suka dace daidai, kada ya ɓoye ɗaya.

Kada a ɗauka duk wannan kwalliya ce. A Disambar 2014 an gano wata kafa a Git: manhajar tana hana kowa rubutu cikin foldarta ta sirri mai suna .git, amma Windows da Mac suna ɗaukar .GIT a matsayin ita, HFS+ kuma yana tsallake wasu lambobin Unicode marasa ganuwa in an cusa su tsakiyar sunan. Mugu yana iya shirya ma'ajiyar da duk wanda ya sauke ta za a sauya masa saiti a gudanar da umarni a kwamfutarsa. Tun kafin nan, a 2000, sabar IIS ta Microsoft ta karɓi C0 AF, wata haramtacciyar doguwar hanyar rubuta /, bayan mai gadin ya riga ya duba ya ce babu / a ciki, kuma muguwar manhaja mai yaɗa kanta, Nimda, ta bi ta wannan kafa a 2001. Cutar iri ɗaya ce: an yi bincike a kan wata siga, an yi aiki da wata. Saboda haka a fassara bayit tukuna, a daidaita, sannan a bincika. Wannan ne ma ya sa nake ganin kada a kusanci NFKC da NFKD, sauran ƙa'idojin daidaitawa na Unicode, a sunan fayil. Su ba siga kawai suke daidaitawa ba, suna haɗe abubuwan da suka yi kama: ² ta koma 2, faffaɗar alamar U+FF0F ta koma / ta gaske. Ga kuma U+202E mai juya alkiblar rubutu, wadda masu damfara ke sakawa don manhaja mai cutarwa ta bayyana kamar takarda. Masu ajami da Larabci suna buƙatar rubutu daga dama zuwa hagu, amma haruffansu da kansu suke ɗauke da alkiblarsu, ba sa buƙatar wannan alamar a sunan fayil.

Abu na ƙarshe da magina ke mantawa shi ne Unicode yana girma, kusan kowace shekara da sabon fitowa, faifai kuwa yana daɗewa. Idan tsari yana jera fayiloli bisa lambar shaidar da ya lissafo daga daidaitaccen suna, to ranar da ƙa'idar lissafin ta canza, tsofaffin fayiloli suna nan amma za a neme su a gurbin da ba nasu ba. Tun ran gini ran zane: ZFS ba ya yarda a sauya zaɓin daidaitawa bayan an ƙirƙiri tsarin, ext4 kuma yana rubuta a jikin faifai cewa da Unicode 12.1 yake aiki. Ko da wannan taka-tsantsan, a ƙarshen 2024 an yi wani ɗan gyara a Linux kan yadda ake bi da lambobi marasa ganuwa, sai fayilolin da ke da alamar jar zuciya a sunansu suka daina buɗuwa a foldodin da ba sa bambanta babba da ƙarami, dole aka janye gyaran. Alamar zuciyar tana tafe ne da wata lamba marar ganuwa a bayanta, lissafin ya canza, gurbin ya canza.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin haruffanmu ba su gama shiga ba. Fa da ƙaf da nun na rubutun Warshu sun sami lambobinsu ne a Unicode 9.0 a 2016, wasu haruffan ajamin Hausa kuma sai a 13.0 a 2020. Tsarin da aka ɗaure da jadawalin 2019 bai san na 2020 ba. Maginin da ya ce duk lambar da jadawalinsa bai sani ba haramtacciya ce ya rufe ƙofa ga duk harafin da za a ƙara gobe, kuma harsunan da aka bari a baya su ne ke da haruffan da ake ƙarawa. Abin da ya dace shi ne lambar da ba a sani ba ta wuce yadda take, a ajiye ta, a kwatanta ta bayit da bayit, a kuma rubuta lambar fitowar jadawalin a kan faifan domin wanda zai sabunta tsarin nan gaba ya san cewa sai ya sake lissafin kundin gaba ɗaya kafin ya taɓa ƙa'idar.